Tuwo Na Ce, Ba Ruwa Ba

Duk wanda ya san unguwar New Bell ya san Badamasi Mai Shanu. In bai san ni ba, baƙo ne, jiya ya sauka a tasha. Shekara hamsin da ɗoriya ina karɓar shanun arewa a Duwala, ina saukar da masu su a gidana, ina raka su mayanka ta Bonaberi. Ban taɓa zama a bencin boko ba, amma Hausa da Fulatanci da Faransancin kasuwa duk a bakina suke kamar goro. Gobara ta ci rumfata sau biyu. Kwalara ta kwantar da layinmu, ni na tashi na binne mutane. 'Yan fashin hanya, waɗanda muke kira zargina, sun tare motarmu tsakanin Maiganga da Garwa-Bulai, suka kora mu daji kwana tara muna ɗaukar musu kaya. Mu bakwai muka shiga, mu biyar muka fito, ni da ƙafata na fito.

Shi ya sa ranar da aka kawo mini Ɓoɓɓo ko ɗar ban ji ba.

Ɓoɓɓo ɗan wani abokina ne, marigayi, Bafulatanin wajen Tuboro. Tun yana saurayi yake biyo shanun ubansa zuwa gidana. Masu satar mutane ne suka ɗauke shi daga ruga, shi da ɗan baffansa Zaidu, suka riƙe su wata biyu a dajin kan iyaka. Shi aka sako. Zaidu a hannunsu ya rasu. Da ya dawo gida sai ya daina cin abinci. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an gaji. 'Yan uwansa suka ce a kai shi wurin Baaba Badamasi, shi ma ya taɓa shiga irin wannan ya fito.

Na ce sun yi hankali. Wanda maciji ya sara shi ya san dafi.

Kullum da hantsi sai in zaunar da shi a barandar gida in ba shi labarin kwana tara. In nuna masa tabon gindin bindiga a kafaɗata. In gaya masa yadda na kalli babbansu ido cikin ido, yadda na fito ranar Talata, ran Alhamis ina kasuwa ina ciniki.

"Namiji ba ya kwanciya don ya ga daji," nake ce masa. "Dube ni. Ci abinci, ka gode wa Allah."

Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Baaba."

Sai a kawo tuwo. Ya wanke hannu, ya kalli kwano, ya tashi ya shiga ɗaki. Shayi kawai yake kurɓa, wani lokaci da ɓallin burodi. Sati shida muna haka. Agogon hannunsa da yake tsayawa a wuyan hannu ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. Muka kai shi asibiti, aka ɗibi jini, aka haska ciki, ba a ga komai ba. Suka ƙara masa ruwa leda biyu. Likitan ya ja ni gefe ya ce in aka ci gaba a haka, ba lallai mutumin nan ya ga ƙarshen damina ba. Muna cikin Yuli a lokacin.

Hapsatu, uwargidana, ita ta fara gajiya da ni.

"Malam, maganinka ba ya ci."

"Magani mai ƙarfi a hankali yake aiki."

"A hankali ɗan mutane yake ƙarewa. Na kira Ikhlas, ran Lahadi za ta zo."

Ikhlas jikar yayana ce. A nan Duwala aka haifi ubanta, a Bonanjo yake aikin ofis, can Cité des Palmiers suke zaune a gida mai ƙofar ƙarfe. Ta yi karatun halin ɗan Adam, tana aiki a wani ɗakin magani a Deido inda ba a allura, ba a awo, sai zama da magana. Yarinyar da ko kaza ba ta taɓa riƙewa aka yanka ba.

Ta zo ran Lahadin a kan bensikin, babur ɗin haya, rigar ruwa har ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Amarya," na ce, "an ce ke ce za ki ƙwace mini aiki."

"Ni na isa, Kaka? Tsohon miji ma ai ba a ƙwace masa komai, sai dai a taya shi."

"Zauna in yi miki tambaya. Kin taɓa jin ƙarar bindiga?"

"A talabijin."

"Kin taɓa kwana da yunwa?"

"Ko da azumi sai na yi sahur biyu."

"To me za ki gaya wa mutumin da ya yi wata biyu a ɗaure?"

"Ba ni zan gaya masa ba. Shi zai gaya mini, in ya ga dama." Ta cire rigar ruwan tana kakkaɓewa. "Kaka, an ce kana gane ciwon saniya tun daga tafiyarta."

"Tun daga nesa ma."

"Ka taɓa zama saniya?"

Hapsatu na bakin murhu, dariya ta sa ta ajiye muciya. Ni ban yi dariya ba, amma na san an jefe ni da dutsen da na ɗauko.

Ikhlas ta shiga ta gaida Ɓoɓɓo, ta tambaye shi ko zai yarda ya je wurinta. Ya ce to. Ban san me ya gani ba, wataƙila ya gaji da baranda ne. Sai dai akwai matsala. Hausar Ɓoɓɓo ta kasuwa ce: gaisuwa, ciniki, zagi kaɗan. Ita kuma ba ta jin Fulatanci ko na sannu. Mai yi musu tafinta, wata ma'aikaciya 'yar Garwa, Madam Aisha Humaira, ta haihu satin nan. Ikhlas ba ta so a ce ni ne ba, ta faɗa a gabana: na yi kusa da yawa. Amma da ta tambayi Ɓoɓɓo wa yake so, ya nuna ni da haɓa.

Ran Talata muka hau tasi zuwa Deido. Ɗaki ne ƙarami, kujeru uku, fanka, babu ko tebur a tsakani. Ta fara da tambayoyi masu sauƙi: barci, ciwon kai, iyali. Can ta ce, "Tambaye shi, idan aka ajiye masa abinci, me yake fara ji a jikinsa?"

Na tambaye shi. Sai ya fara magana ƙasa-ƙasa. Ya ce maƙogwaronsa rufewa yake, hannunsa ya ɗauki rawa, tsoro ya kama shi kamar na yaron da ya yi sata. Ya ce har kuka yake ji zai zo masa.

Ɗan abokina, a gaban yarinya, jikata. Na juya na ce mata, "Ya ce gajiya ce kawai."

Ta dube ni. "Kaka, ya yi magana mai tsawon gadar kogin Wuri, kai ka sauke ni a bakin layi."

"Fulatanci haka yake, yawo gare shi."

"Bon. Ga yadda muke aiki a nan. Tafinta ba ya cewa 'ya ce'. Abin da ya fito bakinsa, haka za ka maimaita, da 'ni'. In ya ce na ji kaza, kai ma ka ce na ji kaza. Bakinka za ka ba shi aro. Ba ragi, ba gyara, ba nasiha."

"Ni Badamasi, in buɗe baki in ce ina jin tsoro?"

"Ba kai ba ne, shi ne."

"Kunnen bango bai san haka ba."

"To mu jira Madam Aisha ta yi arba'in."

Na kalli agogon nan da ke lilo a hannun Ɓoɓɓo. Na lissafa kwana arba'in. Na ce a ci gaba.

Wallahi na ɗauki buhun gishiri a ka daga safe har la'asar a dajin Maiganga, bai kai nauyin kalmar nan ba. "Ina jin tsoro," na ce da Hausa. "Hannuna rawa yake. Kuka nake ji." Ɓoɓɓo ya ɗago kai ya kalle ni. Wannan Hausar dai yana jin ta. Tunda aka haife shi bai taɓa jin irin wannan daga bakina ba, ni ma ban taɓa ji ba.

Muka koma ran Juma'a da safe, muka koma Talata. Abin da na lura shi ne yarinyar nan ba ta gaggawa. In ya yi shiru, ita ma ta yi shiru, ta bar fanka na juyawa. Ni shiru ƙaiƙayi yake mini, sau biyu na buɗe baki zan kawo labarin kwana tara, ta ɗaga mini yatsa ɗaya. Kuma tana tambayar abin da ni ba zan taɓa tambaya ba, don ni a ganina na riga na sani. Da me aka ɗaure su? Wa yake kawo abinci? A kwano ɗaya ko biyu? Ita da ba ta sani ba, dole ta tambaya. Shi kuma dole ya faɗa.

A zama na huɗu ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ƙarar kwano har sai mun matso da kujeru. A ranar ya kai ga Zaidu. Ni kuma ina bin sa, jimla bayan jimla, da bakina.

"Sau ɗaya suke ba mu tuwo a rana, dunƙule ɗaya kowa, ba miya. Zaidu ya kamu da zazzaɓi. Kwana uku yana kwance, ba ya iya zama. Rana ta huɗu aka ajiye mana. Na cinye nawa. Nasa yana nan kusa da kansa. Idonsa a rufe. Na kira shi bai amsa ba."

Ɓoɓɓo ya tsaya. Sai ya faɗi sauran da sauri, kamar mai zare ƙaya. Na buɗe baki na mayar.

"Na miƙa hannu na ɗauki ruwansa na shanye. Kafin la'asar ya cika. Kuma har yau ban sha ruwan da ya kai wannan daɗi ba."

Ikhlas ta gyaɗa kai, za ta yi magana. Ɓoɓɓo ya riga ta.

"Baaba," ya ce da Hausarsa, "nyiiri na ce. Tuwo. Ba ruwa ba."

"Tuwo na ce mata."

"Ruwa ka ce. Kuma ni ban ce daɗi ba."

Na yi tafinta a kasuwa shekara hamsin, tsakanin Bafulatani da Bamileke, tsakanin Bahaushe da ɗan Duwala, ban taɓa mayar da sa saniya ba. Tuwo da ruwa ko jariri ba ya haɗa su. Na ji gumi na bin bayana, alhali fanka na kaina.

Ikhlas ta ajiye biro a cinya. Shirun nan nata da nake jin haushi, ranar ni ya zagaye.

Ɓoɓɓo ne ya tambaya, da Fulatanci, a hankali: "Ruwan na wane ne, Baaba?"

Na ce, "Na Jibirilla."

Da Fulatanci na gaya masa, don da shi ya tambaya. Jibirilla abokin cinikina ne, tare muka hau motar nan. Rani ne. Zargina suna auna mana ruwa da gwangwanin kifi, ɗaya kowa da tsakar rana. Rana ta shida ƙafarsa ta kumbura, jikinsa ya yi zafi, ya kwanta gindin wani dutse. Aka ajiye masa gwangwaninsa. Na taɓa shi bai motsa ba. Na duba hagu na duba dama. Shekara talatin da biyu ke nan. Na ba da labarin kwana tara ya fi sau dubu, a rumfa, a wurin suna, a cikin jirgin ƙasa. Kullum daga rana ta biyar nake tsallakawa zuwa ta bakwai, ba wanda ya taɓa ƙirgawa. Ko Hapsatu ba ta sani ba.

Da na gama, Ikhlas ta dube ni, ta dubi Ɓoɓɓo.

"To ni fa?" in ji Ikhlas. "Tafintana ya tafi ya bar ni. Wa zai mayar mini?"

Ɓoɓɓo ya share fuska da hannun riga. Ya gyara zama, ya nuna ƙirjinsa yadda ya ga ina yi.

"Ni," ya ce, "ni Badamasi. Ni ta sha ruwa na Jibirilla. Ni tsoro ta kama. Ni ba ta gaya ma kowa."

"Kai, Bafulatani," na ce, "ka mayar da ni mace a gaban jikata."

"Bakinka ka ba ni aro, Baaba. Nawa ke nan na ba ka."

Ban san wa ya fara ba. Na dai ga kafaɗun Ɓoɓɓo na rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta haɗu da kukan. Ni ma abin ya kama ni. Tsofaffin banza biyu, ɗaya ma bai tsufa ba, muna share ido muna tari. Ikhlas ta miƙo mana takardar share hanci ta bar mu muka gama.

Ni da na ce shi ke nan, an warke, a tashi. Ita ba ta ce ba. Ta dawo da ni kan aikina.

"Tambaye shi, kwana ukun da Zaidu yake kwance, wa yake ba shi abinci?"

"Ni," Ɓoɓɓo ya ce, ni kuma na mayar. "Ina jiƙa tuwon da yawu in sa masa a baki da yatsa. Ya turo shi waje."

"Duk kwana ukun?"

"Duk."

"Nasa da ya rage, ina yake zuwa?"

Ya yi tunani. "Masu gadi su shure shi cikin ƙasa."

Ba ta ce masa ba laifinka ba ne. Ni da na faɗa, har na ɗauko numfashi. Ita barin sa ta yi ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya daɗe yana kallon yatsansa.

Kafin mu fito ta ba shi aiki. Cokali uku na kunu, safe da yamma, ba shi kaɗai ba, da wani a zaune kusa. In Zaidu ya zo masa a rai, kada ya tashi ya gudu ɗaki. Ya ambaci sunansa, ya yi masa addu'a, ya jira maƙogwaron ya saki. In bai saki ba a bari sai anjima. Ni kuma ta ce in rufe bakina lokacin cin abinci.

"Kai kuma, Kaka, akwai wuri ran Laraba da ƙarfe goma. Ba wurina ba, wurin abokin aikina. Jika ba ta yi wa kakanta wannan aikin."

Na ce zan duba. Ina zuwa, ba don komai ba, don in ga ko yaron ya iya aikinsa. Ya iya, ba laifi.

Cokali ukun nan sun ba mu wuya. Ranar farko ɗaya ya sha ya amayar. Rana ta uku ya sha biyu. Akwai ranar da ya zauna da kofin a hannu tun daga la'asar har aka kira magariba, ni ina gefe na cije harshe kamar an ɗinke ni. Madam Aisha Humaira ta dawo aiki kafin arba'in ɗinta, aka sallame ni daga tafinta, ban yi fushi ba sosai.

Abokaina na rumfa sun tambaye ni wa ya yi aikin, ni ko 'yar boko. Na ce musu ni mana, wa kuka sani? Amma tunda yau gaskiya nake faɗa: abin da na sani na riƙe shi sati shida a baranda ina dukan yaron nan da shi. Rabin da zai amfane shi na ɓoye, rabin da ke danne shi nake nunawa. Sai a ɗakin yarinyar da ba ta taɓa ganin daji ba ya kuɓuce mini, kuma ita ta san abin da za a yi da shi bayan ya faɗo. Ni da ban sani ba.

Wata Juma'a cikin Agusta muka dawo daga masallaci, mun tsallako kwatar layinmu da ta cika ta batse. Hapsatu ta kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, ta ajiye wa Ɓoɓɓo kofin kununsa. Na wanke hannu na fara. Can sai na ga ya jawo butar, ya wanke nasa hannun. Ban ɗaga kai ba. Ya matso. Na ji ya ce wani abu a hankali, sunan Zaidu na ciki. Ya gutsuri tuwon daga gefensa, ya daɗe da shi a hannu, ya kai baki.

Hapsatu na tsaye bakin ƙofa da murfin kwano a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya. Na harare ta kada ta yi magana. Ita ma ta harare ni.

Ya yi loma ta biyu, ta uku. A ta biyar ya tsaya yana laluben miya da yatsa.

"Baaba."

"Na'am."

"Gidan mai shanu ne nan?"

"Duk New Bell ta sani."

"To ina naman?"

Hapsatu ta juya da sauri ta nufi murhu, tana share ido da bakin zane. "Yana tukunya," ta ce. "Tsohon nan nake ɓoye wa, haƙoransa sun ƙare. Kawo kwanon."